Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ɗalibin Digiri Na Uku Da Kundinsa

A duk shekara, idan jami'o'in ƙasar nan suka yi bikin yaye ɗalibai, akwai wani ɗan rukuni da akan kira daban, sanye da manyan riguna da huluna na musamman, a sanar wa taro cewa daga yau sun zama Daktoci. Dangi su yi ta guɗa, abokai su yi ta taya murna, a ɗauki hotuna a kai gida a rataye a bango. Abin da taron nan ba ya nunawa shi ne yawan waɗanda aka ɗauka tare da su shekara biyar ko bakwai da suka wuce, waɗanda har yau suna yawo da babi biyu a cikin jaka, ko kuwa sun haƙura sun ajiye aikin ba tare da sun gaya wa kowa ba. Da yawa daga cikinsu masu basira ne ƙwarai, sun yi karatu mai zurfi, sun kuma tara bayanai masu tarin yawa. Inda tafiyar ta tsaya musu wuri ɗaya ne, watau wajen zama a rubuta.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda wannan digiri yake, domin ya bambanta da waɗanda suka gabace shi. A digirin farko malami ne ke koyarwa, ɗalibi ya riƙe abin da aka koya masa, a jarraba shi a kai. A digiri na uku kuwa, ɗalibin ake sa ran zai zo da wani sabon abu wanda ba a sani ba kafin shi, ya kafa hujja a kai, kana ya rubuta shi a cikin kundi guda mai ɗaruruwan shafuka. A ƙa'idar jami'o'in Nijeriya, shekara uku ce mafi ƙaranci ga wanda ya duƙufa a kan karatun kaɗai. A cikin wannan lokaci zai gabatar da tsarin bincikensa a gaban malaman sashe, ya fita neman bayanai, ya karanta takardu a tarukan ƙara wa juna ilmi, ya kare aikin a cikin gida, daga ƙarshe a gayyato wani shehin malami daga wata jami'a ya yi masa jarrabawar baka. Kowane mataki daga cikin waɗannan, rubutu ne ke buɗe ƙofarsa. Wanda bai rubuta ba, ba shi da abin da zai kai gaban kowa.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

Idan aka waiwayi waɗanda suka share wannan hanya, za a ga cewa abin da ya wanzu bayansu shi ne abin da suka zauna suka rubuta. Kenneth Dike, wanda ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan a 1960, kundin da ya rubuta a Landan a kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta shi ne ya zama littafi a 1956, kuma shi ne ya tsaya kai da fata har aka kafa gidan ajiye tsofaffin takardun gwamnati, wanda reshensa na Kaduna ke amfanar ɗalibai har yau. Murray Last ya zauna a Sakkwato yana nazarin rubuce-rubucen Larabci a wurin Waziri Junaidu, ya sami digirinsa a Ibadan a 1964, aikin kuma ya fito a matsayin littafi a kan Daular Usmaniyya a 1967. Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana sauraron dattawa, ya kammala kundinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1974, aka buga shi a 1981.

Haka abin yake a fannin harshe da adabin Hausa. M. K. M. Galadanci ya rubuta nasa a kan nahawun Hausa a Landan a 1969. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Ɗalhatu Muhammad kuma a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu a Landan a 1977. Mutanen nan sun yi aikinsu a zamanin da babu kwamfuta a kan teburin ɗalibi, sai alƙalami da ƙananan katunan rubuta bayani da tafireta da takardar kabon, inda kuskure ɗaya kan sa a sake buga shafi sukutum. Shata ya rasu a 1999, amma abin da aka ɗauka daga bakinsa aka rubuta yana nan, ɗalibai na ci gaba da ɗora nasu a kai. Da masu binciken nan sun tsaya ga tara bayani kawai, da ilmin ya bi su kabari.

YADDA RANAR ƊALIBIN TAKE

Sai dai fa wanda ke neman digiri na uku a ƙasar nan ba kasafai yake zama ɗalibi zalla ba. Mafi yawa magidanta ne, da mata da 'ya'ya da iyaye tsofaffi da ƙanne masu jiran kuɗin makaranta. Wani ƙaramin malami ne a jami'a ko a kwalejin ilmi, da safe yana gaban ɗalibai ɗari uku ko fiye, da rana yana taron sashe, da dare kuma ga tulin takardun jarrabawa na jiran maki. Wani ma'aikacin gwamnati ne da ke satar ranar Jumma'a ko Asabar ya hau mota zuwa garin da jami'ar take. A ƙarshen mako kuwa ga ɗaurin aure, ga suna, ga gaisuwar rasuwa, ga dubiyar maras lafiya. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma babu mai hankalin da zai ce a yar da ita saboda karatu.

Nauyin da ke kan mace ya fi haka. Ta dawo daga wurin aiki ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, ta duba musu aikin makaranta, ta tarbi baƙi, in da goyo ta kwana ido biyu. Sa'ad da gida ya yi tsit ta buɗe littafi, barci ya riga ya ci ƙarfinta. Ga kuma masu tsegumi da ke cewa me mace za ta yi da wannan dogon karatu, alhali kuwa asibitoci da makarantu da jami'o'in ƙasar nan suna matuƙar bukatar irinta.

Bayan wannan ga batun kuɗi. Gaskiya ne asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin karatun wasu malaman manyan makarantun gwamnati, amma ba kowa yake samu ba, sauran kuwa daga albashinsu suke tsakurowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota zuwa ƙauyen da za a yi hira, da man janareta idan an ɗauke wuta, da kuɗin buga takardu, duk sun ninka. A wasu yankuna ma rashin tsaro ya sa garuruwan da ya kamata a je neman bayani ba sa shiguwa. Duk waɗannan matsaloli na gaske ne, kuma wanda ya ce da ɗalibi malalaci ba tare da ya dube su ba, bai yi masa adalci ba.

JIRAN SARARI

Amma a cikin waɗannan matsaloli akwai wani tarko wanda ɗalibin kan haƙa wa kansa, shi ne faɗin cewa zai rubuta idan ya sami sarari. Ya ce sai an gama jarrabawa, an gama sai ga azumi. Ya ce sai bayan Salla, bayan Salla sai ga sabon zango. Ya ce sai ya sami hutun wata uku ya shige ɗaki ya kulle. Sararin nan ba ya zuwa, domin rayuwa ba ta taɓa yin hutu. Ko ya zo ma, ba lalle ne ya yi amfani ba. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na kimanin wata tara, a 2022 kuma na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Azuzuwa suka kasance a rufe, takardun maki suka ƙare, tarurruka suka tsaya. Ga wanda ya saba rubutu kullum, watannin nan, duk da ƙuncin rashin albashi, sun iya zama lokacin cike babi biyu ko uku. Ga wanda bai saba ba kuwa, hannu ya riga ya yi nauyi, sai ya ga kwanaki na wucewa yana juya littattafai, aka koma aiki yana inda yake.

Lissafin a fili yake. A ce kundi zai kai shafi 300. Wanda ke rubuta shafi ɗaya tak a rana, yana hutawa rana ɗaya a mako, zai haɗa shafukan nan cikin mako 50, watau ƙasa da shekara guda. Ko da rabin shafi yake iyawa, shekara biyu ta ishe shi ya sami rubutun farko a hannu. Wanda kuwa ke jiran ya zauna ya zubo shafi arba'in a mako ɗaya, zai iya shekara bai sami makon ba, in ya samu kuma sai ya tarar ya manta inda ya tsaya, ya ɓata rabinsa wajen tuno abin da ya karanta bara. Da yayyafi kogi kan cika.

Tarko na biyu ya fi na farko wuyar ganewa, domin yana kama da ƙwazo. Shi ne ɗalibi ya ce bai gama karatu ba tukuna, saboda haka lokacin rubutu bai yi ba. Kullum yana laburare, kullum yana sauko da sababbin maƙalu daga intanet, jakarsa cike da kwafe-kwafe, wanda ya gan shi sai ya yaba. Alhali kuwa karatu ba ya ƙarewa, kowane littafi yana nuna wasu goma. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mutum bai san iyakar abin da ya fahimta ba sai ya gwada rubuta shi. A cikin kai, tunani kan yi kamar ya haɗu sumul. Sai an zo ɗora jimla a kan jimla sa'an nan ɓaraka ke bayyana: nan babu hujja, can shekarun sun saɓa, wancan marubuci ashe ba abin da ake zato ya faɗa ba ke nan. Daga nan ne ɗalibi zai san takamaiman littafin da ya kamata ya nema, maimakon ya yi ta kamun gwauron kifi a cikin teku. Saboda haka rubutu wani ɓangare ne na binciken kansa, tare suke tafiya tun daga watan farko.

Akwai kuma tsoro, wanda ba a cika faɗinsa ba. Mutum ya girma, ana girmama shi a unguwa, ɗalibai na ce masa Malam, sai ga shi zai miƙa rubutu a dawo masa da shi jawur da jan biro. Ƙari a kan haka, ban da sassan harsuna, yawancin kundaye da Ingilishi ake rubuta su, mutum ya yi tunani da harshensa ya zubo da na wasu. Wannan kan sa wani ya shafe sa'a guda yana gyaran jimla ɗaya, ya goge, ya sake, ya tashi ba shi da komai. Maganin abin shi ne a raba aiki biyu: a rubuta tukuna ko da a karkace, a gyara daga baya. Mummunan shafi ana iya gyara shi, farar takarda kuwa babu abin gyarawa a cikinta.

ABIN DA KE TAIMAKAWA

Da farko ɗalibi ya ware wa kansa sa'a ɗaya ko biyu a rana, a lokacin da ba a cika nemansa ba. Ga mutane da yawa lokacin nan shi ne sassafe, tsakanin asuba da shirin yara zuwa makaranta, kai bai gaji ba, baƙi ba su fara sallama ba. Ya kashe waya, ko ya bar ta a wani ɗaki, domin saƙo ɗaya ya isa ya cinye sa'ar. Kada ya sa wa kansa burin rubuta babi, ya sa burin rubuta sakin layi biyu a kan abu guda takamaimai. Idan zai tashi kuma, ya rubuta a ƙasan shafi abin da zai fara da shi gobe, don kada ya wayi gari yana laluben bakin zare.

Na biyu, duk abin da ya karanta ya rubuta taƙaitawarsa da kalmominsa nan take, tare da sunan marubuci da shekara da lambar shafi. Ɗalibai da yawa sun sha wahalar neman asalin wata magana da suka kwafa shekara uku da suka wuce ba tare da sun rubuta inda suka samo ta ba. Daga irin wannan sakaci ne mutum kan faɗa satar fasaha ba da niyya ba, ya ɗauka maganarsa ce alhali ta wani ce. Jami'o'i da dama yanzu suna bi da kundaye ta manhajar gano kwafe kafin a yarda a je jarrabawa. Haka kuma masu sayen rubutu a hannun 'yan kasuwa, ko masu sa na'ura ta rubuta musu, su tuna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mai jarrabawa zai buɗe shafi ya tambayi dalilin jimla, wanda bai yi tunanin da kansa ba kuwa ba shi da amsa.

Na uku, wanda ya yi hira da dattijo ko ya wuni a gidan ajiye takardu na Kaduna yana duba rahotannin Razdan da Di'o, ko a Gidan Arewa, ya zauna a daren nan ya rubuta abin da ya gani da abin da ya fahimta. Hirar sa'a ɗaya takan ci sa'o'i da yawa wajen juya ta zuwa rubutu, in aka bari suka taru kuwa sai su zama dutse. Na huɗu, ya ajiye aikinsa a wuri fiye da ɗaya, ya aika wa kansa ta imel a duk mako, domin ana satar kwamfuta, tana kuma lalacewa, wahalar shekara huɗu ta tafi cikin dare ɗaya.

HAƘƘIN SAURAN JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamin da ya karɓi amanar duba aikin ɗalibi, ya sani cewa babin da ya ajiye a kan teburinsa wata shida ba takarda kawai ya ajiye ba, ya tsayar da ƙarin girman wani, da kuɗin makarantar da zai sake biya, da haƙurin iyalinsa. Gaskiya ne malaman sun yi ƙaranci, mutum ɗaya na riƙe da ɗalibai fiye da ƙima, ga waɗanda suka bar ƙasar neman abin da ya fi. Duk da haka, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya kyautu kowane sashe ya ƙayyade makonnin da babi zai yi a hannun malami, ya kuma rage wa ƙananan malamai masu karatu nauyin koyarwa a shekarar da suke haɗa kundi. Shi ma ɗalibi ya daina ɓuya, domin wanda ke sauya hanya idan ya hango malaminsa saboda kunyar rashin rubutu, kansa yake cuta.

Iyali kuma suna da babban rabo. Miji ya ɗauki yara ya fita da su ranar Asabar don matarsa ta sami sa'a uku, mata ta ce da baƙo maigida na aiki ya dakata kaɗan, dangi su yi uzuri in ba a gan shi a kowane buki ba, su kuma rage tambayar nan ta yaushe za a gama, wadda ke ƙona zuciya fiye da yadda mai yin ta yake zato. Ɗaliban su ma su haɗa kansu uku ko huɗu, su riƙa musayar shafuka a duk mako biyu, domin kaɗaici na daga cikin abubuwan da ke karya gwiwa a wannan tafiya, kuma sanin cewa wani na jiran shafinka kan tayar da mutum daga shimfiɗa.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce a kira mutum Dakta. Dattawan da suka san tarihin garuruwa suna ƙarewa, tsofaffin takardu na rububbugewa, cututtukan amfanin gona da na mutane na jiran masu bincike, jami'o'i na ƙaruwa alhali masu horar da malamansu ba su wadata ba. Duk kundin da ya mutu a babi na biyu, asara ce ga mai shi da iyalinsa da ƙasa baki ɗaya. Saboda haka wanda ke kan wannan hanya kada ya jira hutu, kada kuma ya jira ya gama karanta duk abin da aka rubuta. Ya tashi gobe da sassafe ya rubuta shafinsa guda, jibi ya ƙara wani. Ba a fafe gora ranar tafiya.